Motar Iyali Daga Kujerar Baya Ake Gwada Ta

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ba zai manta da Peugeot 504 mai dogon baya ba, wadda muke kira Fijo. Tun daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, kowa ya ga ya isa ya hau ƙarfe. Layin kujerunta uku ne, na gaba da na tsakiya da na can ƙurya. A tasha, in ka yi sammako ko kuwa kana da ido wurin ɗan kamasho, sai ka sami gidan gaba. In ka makara ka sami tsakiya. In kuwa kai yaro ne ba a ma tambayarka, kujerar ƙurya ce rabonka, kai da ƙullin kayan mutane da kajinsu. A wannan kujera na yi yawancin tafiye-tafiyena na ƙuruciya tsakanin Zariya da Kano, har na yi wa kaina alkawari cewa ran da na girma na sayi tawa, ni da kujerar baya har abada. Shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da wannan alkawari. A ƙarshen 2024 na karya shi, abin da na gani a ranar kuwa shi ne nake so in ba 'yan'uwana magidanta labari, musamman waɗanda ke tara kuɗi don sayen babbar mota mai kujera bakwai.

Ni mazaunin Agege ne a birnin Ikko, yau shekara ashirin da biyar ke nan, amma ban taɓa yarda babbar salla ta same ni a kudu ba sai bisa larura. Da can ƙaramar mota mai kujera biyar ta ishe mu zuwa gida da dawowa. Sannu a hankali Allah Ya yi ta ƙaro mana zuriya, ga kuma mahaifiyata Hajiya ta zo neman maganin ido, likita ya ce sai an riƙa duba ta a kai a kai, zama ya zarce. Da abin ya kai ana raba iyali biyu, wasu a motar gida wasu a ta haya, sai na ƙudura niyyar sayen babba. Wani dare na zauna na ƙidaya da yatsu: ni, da uwargida, da Hajiya, da 'ya'ya huɗu. Bakwai cif. Na ce ashe ma don ni aka ƙera jif ɗin nan da ake yayi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka bari in faɗa tun yanzu, ba ƙidayar kaɗai ta ja ni ba. Na riga na hango kaina ina shiga unguwarmu ranar jajibere cikin doguwar mota baƙa wul, yara na bin ta da gudu, dattawa na ɗagowa daga dakali suna tambaya ko wane ne.

Kafin in ci gaba ya kamata mai karatu ya san irin motar da ake magana a kanta. Mu dai duk motar da ta ɗaga daga ƙasa jif muke ce mata, alhali kuwa iri biyu ce. Akwai ta ainihi, irin su Land Cruiser da Prado, wadda ake fara ƙera wa ƙashin ƙarfe mai kama da tsani, sa'an nan a ɗora gangar jiki a kai, kamar yadda ake yi wa motar ɗaukar kaya. Akwai kuma wadda gininta na ƙaramar mota ne, ƙashi da gangar jiki a haɗe suke, sai dai an ɗaga ta an faɗaɗa ta. Ita ce Turawa ke kira kurosoba, mu kuwa sai mu ce ruwa-biyu. Toyota Highlander, wadda ko'ina ka waiwaya a titunanmu sai ka gan ta, ta fito a shekarar 2000, kuma a kan harsashin Camry aka gina ta. Da kujera biyar ta fara, sai a samfurin 2004 aka ƙara mata layi na uku. Honda Pilot da Hyundai Santa Fe, da Ford Explorer daga 2011, da Nissan Pathfinder daga 2013, duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Wannan asali yana da amfani ga mai saye. Da yake jininta na ƙaramar mota ne, ta fi jif ta ainihi laushi a kan kwalta, ta fi ta sauƙin tuƙi, ba ta kuma kai ta shan mai ba. Amma fa ba a yi ta don ratsa yashi ko taɓo mai zurfi ba, da yawa daga cikinsu ma tayoyin gaba kaɗai injin ke ja. Kujerar ƙurya kuwa daga wurin kaya aka tsago ta. Masu ƙerawa iyalin Ba'amurke suka duba, watau miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, sai kujera biyu ta ko-ta-kwana da ake ɗagawa ran da aka yi baƙi, a ninke ta washegari. Duk wannan na ji shi a bakin masana, amma ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Wata Asabar na nufi Berger, inda ake jibge motocin da aka sauke a Apapa da Tin Can. Da dillali ya hango ni sai ya tarbe ni da fara'a, ya buɗe mini ƙofar direba, ya ce, "Alhaji, bismilla." Ya gyara mini kujera, ya kunna na'urar sanyi, ya nuna mini majigin da ke nuna baya in za a yi ribas. Muka zaga da ita sau biyu. Kai, jama'a! Mutum na zaune a sama yana kallon ƙananan motoci kamar mai doki cikin masu jakai. Muka yi ciniki har muka kusa daidaitawa, na ce ran Litinin zan kawo kafin alƙalami.

Da dare na je wurin wani aminina, wanda ya riga ni shekaru ya kuma riga ni sayen irinta, Highlander ce samfurin 2012. Na kwashe labari na gaya masa ina ta zuba mata kirari. Ya bari sai da na gama, sa'an nan ya ce, "Mutumina, da ka gwada ta, ina ka zauna?"

Na ce, "Wurin sitiyari mana."

Ya ce, "To, ka gwada wa mutum ɗaya, saura shida. Na ji an ce kuna da ɗaurin aure a Sabon Badun ranar Asabar. Ga makulli, ka tafi da tawa. Sharaɗi ɗaya ne, ka bar babban ɗanka ya tuƙa, kai kuma ka zauna a kujerar ƙurya, zuwa da dawowa."

Na yi dariya, na ɗauka ba'a ce irin ta abokai. Da na ga bai yi dariya ba sai na karɓi makulli, na kuma aika wa dillali ya ƙara mini mako guda.

Ranar Asabar da sassafe muka fito ƙofar gida. Babban ɗana, mai shekara ashirin, ya shiga mazaunin direba yana ta murmushi. Uwargida ta shiga gaba. Aka kama Hajiya za a shigar da ita, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, ta waiwayo. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, shi yaron nan fa? A ka za ka ɗauke shi?"

Na juya. Ɗan ƙanena ne marigayi, yana tsaye jikin bango da sabuwar hularsa a hannu. Shekara uku ke nan yana hannuna tun rasuwar ubansa. Kwano ɗaya yake ci da 'ya'yana, makaranta ɗaya suke zuwa, tela ɗaya ke yi musu ɗinkin salla. Da wani ya ce mini ina nuna masa bambanci da sai mun yi shari'a. Amma daren da na zauna ni kaɗai ina ƙidaya da yatsu, ba wanda ke kallona, ban sa shi ba. Mu takwas ne, na ƙidaya bakwai, har na kusa biyan miliyoyin Naira a kan wannan ƙidaya.

Babban ɗana ya leƙo ta taga ya ce cikin wasa, "Ai sai ya shiga but." Yaron ya yi dariya, ya kuwa nufi bayan mota da gaske, ba gardama ba ɓacin rai, kamar wanda ya daɗe da sanin matsayinsa. Wannan tafiya tasa ta taku biyar ko shida ta fi maganar Hajiya yi mini ciwo. Na daka masa tsawa ya dawo, tsawar da ni ya kamata a yi wa.

Aka shiga shawara. Uwargida ta ce a ɗora mata Auta a cinya, kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi, domin na san lissafin. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta yi karo ta tsaya cik, abin da ke cikinta da ba a ɗaure ba zai bugu kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. In gudun ya kai kilomita 100, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a babbar hanya, tsayin ya kusa mita 40, gama ninki huɗu yake yi. Babu hannun uwar da zai iya riƙe ɗa a wannan hali, komai sonta gare shi. A gidan gaba kuma ga jakar iska da ke fashewa da ƙarfi daidai fuskar yaro, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda ta fara tilasta ɗaura bel tun Janairun 2003, take hana sa yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. But kuwa shi ne wurin da aka yi don ya lotse in an bugi mota ta baya. Daga ƙarshe babbar 'yata ta ce ta haƙura, da ma tana da jarrabawa ran Litinin. Hajiya da Auta da ɗana na uku suka zauna tsakiya. Ni da maraya muka nufi ƙurya.

Shiga ita ce jarrabawa ta farko. Sai an turo kujerar tsakiya gaba, mutum ya sunkuya ya cusa kai, ya tattare babbar riga, ya murɗa ƙugu, sa'an nan ya faɗa. Yaro ya shige kamar ɓera, ni kuwa sai da hulata ta faɗi. Da na zauna sai na ga kujerar kusan a ƙasa take, gwiwoyina sun taso suna neman ƙirjina, irin zaman mai alwala a bakin rijiya. Ƙafa ba ta da wurin miƙewa sai in na tsakiya sun yarda sun matsa gaba, matsawarsu kuwa ƙuntata wa Hajiya ce. Tagar wurin ba ta buɗewa. A kan tayoyin baya muke zaune, saboda haka ramin da direba ya ji kamar an taɓa shi, mu a can sai mun yi sama mun dawo. Muna wuce Shagamu wata tankar mai ta biyo mu a baya, na waiwaya na ga tsakanin ƙeyata da gilashin baya bai fi kamu biyu ba. Na kira ɗana in ce ya ba ta hanya, sai da na kira sau uku kafin ya ji. Hausawa sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, ban taɓa sanin har cikin mota ɗaya maganar na aiki ba.

Na dubi yaron na ce, "Kai ba ka takura ba?"

Ya ce, "A'a, Baba, ai nan da daɗi. Ga ma wurin ajiye kofi."

Gaskiyarsa kuwa. Kujerar daidai shi ce, bel ɗinta ya zauna masa a kafaɗa, iskar sanyi na isowa gare shi, kafin mu kai Badun har ya yi barci a jikina. Motar ba ta yi ƙarya ba, kujera bakwai aka ce, bakwai ɗin ne. Biyar na manya ne, biyu na yara. Tsakanin Ikko da Badun wajen kilomita 130 ne kawai, amma da muka isa sai da aka kama ni na fito. Na tuna Ikko zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, na kuma tuna yaron da ya dace da ƙurya bana, nan da shekara huɗu ƙafarsa ta kai tawa. Mota kuwa ba a saye don shekara ɗaya.

Kada a ce na ci amanar motar aminina, bari in faɗi alherinta, gama yana da yawa. Hajiya ta ce tun da take shiga mota ba ta taɓa zama mai daɗin na ranar ba, don kujerar tsakiya tana kwantawa baya, tana kuma matsawa. Hawa ne kaɗai ya ba ta wuya saboda gwiwa. Cikinta shiru, ana hira ba a ɗaga murya in ba da na ƙurya ba. Tsakanin cikinta da ƙasa wajen inci 8 ne, saboda haka ramuka da tudun rage gudu da ruwan da ke kwanciya a titunan Ikko da damina ba su cika damunta ba, ko da yake ba kwalekwale ba ce. Injinta mai silinda 6 ba ya nishi a hawa ko da an cika ta. Kayan gyaranta kuwa ko a Ladipo ta Ikko, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ba a rasawa, kuma ran da mutum ya so sayarwa ba ya rasa mai saye. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai doguwar tafiya.

Jarrabawa ta biyu ita ce kaya. In an ɗaga kujerar ƙurya, wurin da ya rage a bayanta a wannan samfuri bai kai lita 300 ba a ma'aunin masu ƙerawa. Jaka biyu da kular abinci muka sa, ƙofa ta rufu da kyar, turamen atamfar gudummawa kuwa a cinya aka riƙe su. Tafiyar wuni ɗaya ke nan. To, ina ga tafiyar salla ta mako biyu, da akwatin kowa, da tsarabar dangi? Ko mutane su shiga ko kaya su shiga, wurin ɗaya ne. Aminina ya kuma nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A irin wannan mota rabin tan ne da 'yan kai. Na yi lissafi, manya huɗu wajen kilo 300, yara uku wajen kilo 100, an tashi 400 ba a sa ko allura ba. Ran dawowa daga gida kuwa kowa ya san ba a sallamar mutum hannu rabbana. Buhun hatsi ɗaya na kilo 100, da ɗan wake da albasa da akwatuna, an wuce iyaka. Mai cewa zai ɗaura kariya a sama ya tuna motar da ma doguwa ce, nauyin sama kuwa shi ke kifar da doguwar mota a kwana, ko ran da taya ta fashe. Nauyin da ya wuce kima yana tsawaita birki, yana zafafa taya, yana kashe shakazoba.

Jarrabawa ta uku a gidan mai ake yin ta. Sayen doki wuni ɗaya ne, harawa kuwa kullum ce. Tankin wannan mota yana cin wajen lita 72. A ma'aunin hukumar Amurka, mai silinda 6 tana shan wajen lita 10 a kowace kilomita 100 a babbar hanya, wajen lita 13 a cikin gari, a can kuwa ba su san cunkoson Oshodi ba. Na ɗauki lita 12 don kaya da na'urar sanyi, na ninka da nisan Kano zuwa da dawowa, sai ga lita 260 da 'yan kai. Da can wannan lissafi ba ya tsorata kowa. Amma ran 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. A farashin lokacin, man tafiyar salla kaɗai ya wuce Naira 260,000. Wannan ba shi ne abin tsoro ba, tun da sau ɗaya ne a shekara, kuma kuɗin motar haya na mutum takwas ma ba kaɗan ba ne. Abin tsoro shi ne sauran wata goma sha ɗaya, da mutum zai riƙa jan tan biyu na ƙarfe shi kaɗai zuwa wurin aiki, kujera shida na bin sa fanko suna shan mai. Tayoyinta manya ne, kuɗinsu ma manya ne, huɗu kuma ake canzawa.

Da na koma kasuwar motoci sai na tafi da bakanikena, na kuma ga yadda masu sana'a ke duba mota. Bai ko kalli majigi ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sunsuna, ya haska ƙarƙashin kujeru yana neman tsatsa, ya zaro bel har ƙarshensa yana neman alamar laka. Ya ce yawancin irin waɗannan motoci daga Amurka ake kawo su bayan an more su, a cikinsu akwai waɗanda suka yi haɗari da waɗanda ambaliya ta shanye, kamar wadda guguwar Harvey ta jawo a birnin Houston a 2017, motar da ta sha ruwa kuwa wayoyinta ba sa daina ciwo. Ya kwafi lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ya ce da ita ake binciko tarihin mota a intanet. Ya tuna mini cewa agogon nisan tafiya da mil yake ƙidaya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, kuma agogon ma ana iya mayar da shi baya. Ya murɗa makulli ya zuba wa fitilar jakar iska ido, ya ce dole ta kama sa'an nan ta mutu, in ba ta kama ba sam to an yi mata dabara. Ya nuna mini alƙaluma huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Daga ƙarshe ya ce a kawo takardun kwastan, domin tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, motar da takardunta ba su cika ba kuwa tana iya kwana a shingen hanya, iyali na tsaye a rana.

A nan ne ya ja ni gefe ya nuna mini wata da ban ko kalla ba a zuwan farko, mai ƙofar zugewa, irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey. Na ɓata fuska na ce, "Haba, wannan ai motar haya ce." Ya ce, "Alhaji, ka san dalilin da 'yan haya suka zaɓe ta?" Na yi shiru. Akwai mai kujera takwas a cikinsu. Ƙasanta bai da tsawo, tsohuwa na shiga ba a ɗaga ta ba. Babban mutum na zama a ƙurya ya sauke gwiwa. Bayan kujerar ƙurya kuma akwai rami mai zurfi, wanda a Sienna ta 2011 zuwa 2020 ya haura lita 1,000, kusan ninki huɗu na wancan. Ita ma tana da nata. Cikinta ya fi kusa da ƙasa, saboda haka hanyar ƙauye da damina sai an lallaɓa, wajen shan mai kuma ba ta fi waccan sauƙi ba. Ba kuma wanda zai tashi daga dakali don ya ga ta shigo unguwa.

Ga abin da na fahimta. Jif ruwa-biyu mai kujera bakwai mota ce ta ƙwarai ga gidan da ke da mutum biyar, wanda lokaci-lokaci yake ɗaukar yara biyu ƙari, kuma hanyarsa na da ramuka. Irin wannan magidanci zai ninke kujerar ƙurya yawancin kwanaki, ya sami wurin kaya mai yalwa, ya more kuɗinsa. Akwai masu kujera takwas a jinsin, kamar Pilot da Highlander daga 2014, amma ukun ƙuryar nan ma yara ne. Wanda kuwa gidansa ya cika bakwai kullum, ga tsoho ko tsohuwa, ga samari masu tasowa, ga doguwar tafiya da kaya, to, ya yi tunani sau biyu. Mai niyyar saye ya tafi da iyalinsa gaba ɗaya da akwatunansu, ya sa kowa a mazauninsa, ya ga ko kowane rai ya sami bel nasa. Shi kuma ya shiga ƙurya ya yi ko da rabin awa ana tafiya da shi. Kafin wannan duka, ya ƙidaya mutanen gidansa a gaban tsohuwarsa ko uwargidansa, kada ya ƙidaya shi kaɗai da dare.

Ni dai mai ƙofar zugewar na saya, mai kujera takwas. Da babbar sallar 2025 muka shiga unguwarmu ranar jajibere, ba yaron da ya bi mu da gudu. Wani abokin wasana ma ya tare ni yana cewa, "Alhaji, ashe haya aka koma? Nawa ne Kaduna?" Na ce masa mota ta cika, sai wani jiƙon. Hajiya ta sauko da ƙafarta ba wanda ya kama ta. Yara suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta na ƙidayawa, ɗan ƙanena ya fito daga kujerarsa ta jikin taga, wadda tun a Ikko ya zaɓa ba wanda ya yi masa gardama. Har yanzu in doguwar jif baƙa ta wuce ni a hanya nakan bi ta da kallo, ba zan ɓoye ba. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke cikin gidajenmu, amin.